Igiya Arba'in

A shekara ta goma sha biyu da gama ganuwar Tamzura, cikin mulkin Sarki Masdukan, makiyaya suka fara shigowa birni da wani labari da ya hana fada sukuni. Wai rundunar Rumawa, turawan ƙetaren teku, ta taso daga bakin teku ta nufo kudu, kuma mutanen nan ba sa kwana a fili kamar sauran mayaƙa. Duk inda rana ta karkata musu sai su sauke kaya su ɗauki diga da kwando. Kafin faɗuwar rana sun haƙa gwalalo, wato ramin da ake kewaye gari da shi, sun tara ƙasarsa ta zama ganuwa, sun kafa turaku masu tsini a kanta. Gari na wayewa su tuge turakunsu su yi gaba, su bar wa dila da ƙadangare aikin.

Tamzura birni ne a kan dutse, can arewacin hamada. A gindin dutsen akwai wani fili mai faɗi inda kushewun sarakunansu na dā suke, kowace tarin duwatsu ce da ta fi ɗaki tsawo, a tsakiyarsu kuma ga idon ruwa wanda bai taɓa ƙafewa ba. Sarautun da zan ambata da harshenmu na faɗe su, don nasu sunayen sai su karya wa mutum harshe a banza.

Da fari dariya aka yi wa labarin makiyayan. A wurin mutanen Tamzura ganuwa aikin rayuwa ce, tasu ma shekara goma sha tara aka yi ana ɗora ta. To wane mahaukaci ne zai yi ganuwa da yamma ya bar ta da safe? Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Sarkin Magina Urtal, wanda ya gina ganuwar da hannunsa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya rabuwa da wata igiyar awo mai tsawon gaba ashirin, da ƙulli a kowace gaba da ɗan dutse ɗaure a bakinta. Mutumin kirki ne, amma yana da aibi guda, kuma ba zan ɓoye masa shi ba: ba ya iya jin an yi kuskuren lissafi a gabansa ya yi shiru, ko da Sarki ne ya yi.

Akwai kuma Sarkin Yaƙi Izalkan. Jarumi ne na gaske, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba. Sai dai tun da aka gama ganuwa babu wanda ya ƙara kawo wa Tamzura hari, shekara goma sha biyu takobinsa na rataye, mawaƙan da suke yabonsa sun koma yabon katanga. Duk lokacin da ya ɗaga kai ya ga ganuwar nan sai ya ji kamar dominsa aka gina ta, don a nuna ba a bukatarsa. Bai taɓa gaya wa Urtal baƙar magana ba, bai kuma taɓa yafe masa ba.

Da labari ya yawaita, Sarki ya umarci Urtal ya bi ta bayan Rumawan ya dubo sansanonin da suka bari, ya kawo wa majalisa yawansu. Izalkan ya ba shi barade shida su raka shi. Suka zaga ta bayan tsaunuka, kwana tara suna tafe.

Sansani na farko da suka tarar ya sa Urtal ya yi tsaye yana kallo. Murabba'i ne mai ɗan tsawo, kusurwoyinsa a lanƙwashe, da ƙofa huɗu, da hanyoyi biyu da suka gicciye a tsakiya, a miƙe kamar an ja su da zare. Ya zaga shi da igiyarsa, ya sami igiya sittin. Ya shiga ciki ya ƙirga gurabun tantuna ta ramukan turaku da tokar murhu, kuma da yake wani fatake ya taɓa gaya masa mutum takwas ke kwana a tanti guda, sai lissafi ya ba shi dubu biyar. Na biyu da na uku da na huɗu duk haka, igiya sittin, ko kamu ɗaya bai sauya ba. Baradan suka gaji da shi, don a kowane wuri sai ya jefa dutsen igiyarsa cikin gwalalo ya ɗaura jan zare inda zurfin ya tsaya. Al'adarsa ce tun yana saurayi, hannunsa ke yi ko kansa na wani wuri.

A sansani na biyar abin ya sauya. Tun daga nesa ya ga ya tsuke. Cikinsa kuma an tattake shi da kofaton alfadarai, an baza toka, babu gurbin tanti ko ɗaya da za a ƙirga. Ya zaga da igiya ya sami arba'in. Yana kan jefa dutsensa a rami shugaban baradan ya yi masa tsawa, ya ce ya hango mahaya daga gabas, in yana son kansa ya hau. Urtal ya ɗaura zarensa ba tare da ya duba ba, ya naɗe igiya, suka sukwano gida.

Sun dawo suka iske birni a tsaye. Rumawa sun riga su isowa, sun kafa sansani na shida a filin kushewu, sun kewaye idon ruwa da kushewa uku a cikin ganuwarsu, kuma wannan karon gari ya waye ba su tashi ba. Mata suna hawa ganuwa su leƙa su sauko, su sake hawa. Maƙera na ta bugu ba tare da an sa su ba. Sarki kansa zama ya gagare shi, an ce sau uku aka kai masa abinci ana dawowa da shi.

Da hantsi aka buga tambari, majalisa ta cika. Aka fara shigo da manzon Rumawa da tafintansa. Wani dogo ne ramamme, leɓɓansa a tsattsage. Ya ce shugabansu ba ya neman faɗa, a ba su hatsi da 'yan jagora su koma inda suka fito. Yana magana idonsa na kan kwandon dabinon da ke gefen Sarki, da aka miƙa masa kuwa ya ci kamar wanda ya kwana uku bai sa komai a ciki ba, har ya cusa saura a rigarsa. Fadawa suka dubi juna. Ni dai da ina wurin da na tambayi kaina wane shugaba ne zai zaɓi mafi yunwa a rundunarsa ya aika gaban sarki, amma babu wanda ya tambaya.

Bayan an fita da shi, Uwar Kushewa ta tashi. Tsohuwa ce da ke kula da kaburburan sarakuna, ita ke kwana a gindinsu ta kawo wa Sarki abin da magabata suka faɗa mata a mafarki. Ta ce kwana biyu ke nan baƙi na ɗaure alfadarai a jikin kushewar kakan Sarki. Ta ce da safiyar nan ta ga mikiya ta ɗauki zomo ta tashi, ya fi ƙarfinta ta sake shi, kuma kowa ya san mikiya ce a kan sandar da Rumawa ke bi. In aka bar su suka wuce jibi da safe a wurin, magabata za su juya wa Tamzura baya. Galadima Bukkan, wanda tsufa ya sa ba a cika sauraronsa ba, ya yi gunaguni cewa zomon da aka saki daga sama ai shi ma bai tashi ba. Aka yi kamar ba a ji shi ba.

Sai Sarki ya dubi Urtal. Urtal ya faɗi ya yi gaisuwa, ya bayyana abin da ya gani daki-daki, igiya sittin sau huɗu, sa'an nan arba'in. Ya ƙara da cewa na shidan da ke ƙasa, ya auna shi da ido daga kan ganuwar birni, shi ma arba'in ne.

Izalkan ya miƙe ya ce to magana ta fito, ƙishirwa da gudu sun cinye kashi ɗaya cikin uku na rundunar, saura dubu uku da 'yan kai. Ya ce da dakarun Tamzura dubu huɗu abin zai yi wuya, amma zai yiwu.

Nan ne aibin Urtal ya motsa. Da ya yi shiru, da watakila majalisa ta tsorata da dubu ukun ta zauna a bayan ganuwa, don akwai ruwan wata biyu a tafkunan birni. Amma an yi kuskuren lissafi a gabansa.

"Zaki, ranka ya daɗe, ba haka ake auna fili ba," in ji shi. "Idan kewaye ya sauko daga sittin zuwa arba'in, cikin ba kashi ɗaya cikin uku yake raguwa ba, ya fi rabi raguwa. Mutanen nan kuwa ba sa ƙara wa tanti taki ɗaya, ba sa rage masa. Abin da igiya arba'in za ta ɗauka a tsarinsu bai wuce mutum dubu biyu da ɗari biyu ba."

Fada ta ɗauki guna-guni. Izalkan ya yi murmushi, ya gode wa Sarkin Magina da ya gyara masa, sa'an nan ya juya ga Sarki ya yi magana a hankali, irin ta wanda ya daɗe da shirya abin da zai faɗa.

"Zaki, mai Tamzura da abin da ke kewayenta, magajin masu kwance a fili. Maza dubu huɗu za su sauka daga wannan dutse a kan maganar mutum ɗaya. Ban ce ya yi ƙarya ba, ban taɓa jin ya yi ba. Amma kakanninmu sun bar mana hanya don kada zuciyar kowa ta yi rawa. Ina roƙon a tayar da jinin ƙidaya."

Jinin ƙidaya wata tsohuwar doka ce. A zamanin kakan Sarki wani ɗan leƙen asiri ya taɓa rage yawan abokan gaba don ya faranta wa fada rai, aka fita aka sha kashi. Tun daga nan aka ce duk wanda ya kawo wa majalisa ƙidayar magauta, namiji mafi kusa da shi a gidansa shi zai tsaya a sahun farko ranar yaƙi. Shekaru sun sa an manta da ita. Urtal kuwa ɗa ɗaya gare shi a duniya, Gildan, magidanci mai shekara talatin, magini kamar ubansa, wanda shi ake sa ran zai gaji igiyar.

Sarki ya tambayi Urtal ko yana tsaye a kan ƙidayarsa. Urtal ya ce yana tsaye, igiyar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba. Aka yanke cewa jibi da sassafe za a sauka, Gildan zai jagoranci magina ɗari biyu a gaba, kowa da damin ƙirare, su cike gwalalon Rumawa don dakaru su taka su haye.

Washegari birni ya zama kamar kasuwa. A gindin ganuwa magina suka baje suna ɗaure damuna, Urtal na kai da kawo a tsakaninsu, yana gyara ɗaurin da bai bukaci gyara ba. Wajen tsakar rana Gildan ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya ce yana so ya san zurfin ramin don ya san dami nawa za a jefa a wuri guda. Urtal ya ce iyakar ƙugu ne, kamu biyu, haka ya same shi ko'ina. Ya jawo igiyar don ya nuna masa.

Jajayen zare huɗu na nan cunkushe a kamu biyu. Na biyar ba ya cikinsu. Urtal ya bi igiyar da yatsa, ya wuce kamu uku, ya wuce huɗu, sai ga shi a kamu biyar.

Ba sai an yi wa magini bayani ba. Ramin da ya kai kamu biyar dole bakinsa ya buɗe, in ba haka ba ya rufta, kuma yanzu Urtal ya tuna da ƙyar ya jefa dutsen ya kai tsakiya. Kewayen ya ragu, amma ƙasar da aka fitar ta fi ta dā yawa nesa ba kusa ba. Makiyaya kuwa sun ce ranar ma, kamar kullum, da karkatar rana aka fara, kafin ta faɗi an gama. Shekara goma sha tara Urtal ya yi yana ƙirga kwandon da mutum ɗaya ke iya fitarwa a yini. Hannu dubu biyu ba za su yi wannan aiki ba ko da aljanu na taya su. Rundunar ba ta ragu da mutum ɗaya ba. Matsuwa suka yi, suka kwana a kan juna, suka tattake gurabun tantuna, domin sun san akwai mai bin bayansu da igiya.

Kunya ta kama shi kafin tsoro ya zo. Shi da ya tsaya a gaban Sarki yana koya wa Sarkin Yaƙi awon fili, ashe kewaye kaɗai ya auna, abin da aka shirya masa ya auna. Ya yunƙura zai tashi, Gildan ya riƙe masa hannu.

"Baba, in ka je yanzu cewa za su yi saboda ni ne."

Urtal ya ce ya sani, ya zare hannunsa ya nufi fada da igiyar a kafaɗa, yana tafe yana haɗawa da gudu, mutane na kauce masa.

Ya sami Sarki a tsaye a zaure tare da Izalkan da Galadima, ana nuna masa inda kowace ƙungiya za ta bi. Ya faɗi, ya shimfiɗa igiyar a ƙasa, ya nuna zare huɗun da na biyar, ya yi bayanin kwanduna da hannuwa. Ya ce shi ya yi kuskure, a yi masa duk hukuncin da aka ga dama, amma kada a buɗe ƙofa gobe, dubu biyar ne ke ƙasa kuma a ƙoshe suke.

Izalkan bai ɗaga murya ba. Ya tambaya wa ya ɗaura zaren, Urtal ya ce shi. Ya tambaya wa ya ga lokacin da aka ɗaura, Urtal ya ce baradan na kan dawakai suna duban gabas. Izalkan ya buɗe hannuwansa ya dubi Sarki. Abin takaicin shi ne ba makirci yake yi a wannan karon ba, har zuciyarsa ya yarda tsohon ya karaya ne. Dokar da aka kafa don mai ƙidaya ya faɗi gaskiya, ita ce ta sa yanzu babu mai iya yarda da gaskiyarsa.

Galadima ya ce a tura mahayi sansani na biyar ya sauka cikin ramin da ƙafarsa. Aka ce tafiyar yini ce zuwa, yini dawowa, wa'adin Uwar Kushewa kuwa gobe ne. Ya ce to a leƙa na ƙasa. Aka ce masu majajjawar Rumawa ba sa barin ko akuya ta matso. Sarki ya yi ta zagaye zauren, ya je ƙofa ya dubi fili, ya dawo ya tsaya a kan igiyar.

"Sarkin Magina, jiya ɗanka na gida ka ce dubu biyu. Yau ɗanka na sahun gaba ka ce dubu biyar. Kai ka gina min ganuwar da nake barci a bayanta, ban taɓa shakkar ka ba. Gaya min, in kai ne ni, wane Urtal za ka saurara?"

Urtal ya dubi igiyar da ke ƙasa. Can ya ce idan ana ganin don ya ceci Gildan ne, to a bar Gildan inda yake, a ɗaure shi a bakin ƙofa ma in ana so, shi kuma a sare kansa yau a dandali a shaida cewa bai nemi komai ba, amma kada a fita. In kuwa sai an fita, a sa shi kusa da ɗansa.

Sarki ya dube shi. An ce har ya buɗe baki kamar zai janye, sai aka jiyo mata daga kan ganuwa suna kuka, wai Rumawa sun fara ɗibar duwatsun kushewa suna ƙara wa ƙofarsu. Fuskarsa ta sauya.

"Na karɓi tsayuwarka kusa da ɗanka," in ji shi. "Ƙidayarka ta biyu ban karɓa ba."

Da sassafe aka buɗe ƙofar Tamzura. Magina ɗari biyu suka fara sauka, kowa dami a ka, Gildan a gaba, ubansa a damansa da igiya ɗaure a ƙugu. Bayansu dakaru da masu da garkuwoyin fata, barade a gefe biyu, Sarki a tsakiya, Izalkan a kan wani baƙin doki, fuskarsa kamar ta ango. Gildan ya sa mutanensa sun ninka damuna tun jiya ba tare da ya gaya musu dalili ba.

Sansanin Rumawa na nan shiru. Kawuna 'yan kaɗan ne a kan ganuwa, da suka ga taron sai suka yi ta gudu nan da can kamar sun ruɗe. Dakarun Tamzura suka yi kururuwa suka ƙara sauri. Maginan suka ruga, duwatsun majajjawa na sauka a kan damunansu, suka isa bakin gwalalo suka fara jefawa.

Ramin ya haɗiye damunan farko kamar ba a jefa komai ba. Aka jefa na biyu, ba su kai rabi ba. Maginan suka tsaya cirko-cirko suna leƙe, kowannensu ya gane abin da yake gani, dakaru kuma na turo su daga baya don ba su san abin da ya tsayar da sahu ba. Urtal ya dubi gefen ramin, a gyare sumul, aikin mutanen da ba su gaji ba.

Sai aka busa ƙaho a ciki, dogon busa guda.

Ganuwar da ɗazu kawuna kaɗan ne a kanta ta cika da mutane kafaɗa da kafaɗa, masu suka zubo. Ƙofar dama da ta hagu suka buɗe lokaci ɗaya, Rumawa suka fito sahu-sahu, garkuwa na manne da garkuwa, ba gudu ba ihu, suna lanƙwasowa ta bayan rundunar Tamzura. Urtal ya sami bakinsa yana ƙirga tutocinsu, don hali ba ya barin mutum ko a bakin mutuwa. Ya wuce dubu biyu, ya wuce dubu uku, ƙofofin ba su daina aman mutane ba, sai ya bari.

Izalkan ya gane a daidai wannan lokaci. Ya juyo da dokinsa, idonsa ya haɗu da na Urtal ta saman kawunan mutane, ya ɗaga takobi kamar mai gaisuwa, sa'an nan ya tara baradensa ya afka wa ƙofar dama don ya buɗe wa Sarki hanya. Ya buɗe ta kuwa. A nan aka kashe shi, da shi da kusan duk wanda ya bi shi.

A bakin rami abin ya zama turmutsitsi, na baya na turowa, na gaba ba wurin zuwa. Mashi ya sami maginin da ke hagun Gildan. Urtal ya matsa don ya shiga gaban ɗansa, shi ne dalilin zuwansa. Amma Gildan ya fi shi ƙarfi tun shekara goma da suka wuce. Ya kama shi ta ƙugu, ta wajen igiyar.

"Ka yafe min, Baba. Ni doka ta kira, ba kai ba."

Ya tura shi cikin gwalalo, ya jefo dami biyu a kansa. Urtal ya faɗa kan ƙirare, ƙafarsa ta gurɗe, ya yi ta kiran sunan ɗansa, ƙarar ƙarfe ta danne muryarsa. Daga inda yake sama kaɗai yake gani ta tsakanin itatuwa. Ya ji kururuwar Tamzura ta koma kuka, ya ji ta yi nisa ta nufi dutse, daga baya ya ji an rufe babbar ƙofar birni, don ya san ƙararta, shi ya rataya ta. Cikin dubu huɗun da suka sauka, waɗanda suka shiga tare da Sarki ba su kai dubu ba.

Urtal bai iya fita daga ramin ba sai washegari. Da gari ya waye ya ji Rumawa a samansa suna tuge turaku, suna ɗaure kaya, alfadarai na kuka, kamar kowace safiya tasu. Da sawunsu ya ɗauke ya tara damuna ya taka ya fito da rarrafe. Sansanin ya zama kango, ƙofofi huɗu a buɗe, idon ruwa na gudu abinsa a tsakanin kushewun da aka yi yaƙin dominsu.

Bai sha wuyar neman Gildan ba. Yana nan a bakin ramin, daidai inda ya tsaya, bai ja da baya ko taki ɗaya ba daga saman inda ubansa ke kwance.

Urtal ya zauna kusa da shi har rana ta ɗaga. Da ya ɗaga kai wajen birni sai ya hango Rumawa a gangaren dutse, dab da ganuwarsa, sun sauke kaya tun rana ba ta karkata ba, diga na tashi na sauka. Ba ya bukatar zuwa kusa. Sabon sansanin igiya sittin ne cif, yanzu ba su da sauran wanda za su ɓoye wa.

Ya ja gawar ɗansa zuwa gindin wata kushewa, inda ba a taɓa binne talaka ba, babu kuma mai hana shi yau. Ya tsinci wata diga mai karyayyen ƙota da Rumawa suka yar, ya yi ta haƙa a durƙushe. Da ramin ya fara nisa ya kwance igiyar daga ƙugunsa, ya riƙe ta a hannu yana kallon jajayen zaren nan biyar. Sa'an nan ya saki dutsen a hankali cikin ramin, ya fara auna zurfi.